Gidan da ake auna jini da kunne

A layin kafintoci Tsawa ake kiransa, kuma ba a zalunce shi ba. Tun yana saurayi, lokacin da ubangidansa ya sallame shi da zarto ɗaya da gwangwanin ƙusa, bai taɓa neman guduma da ƙaramar murya ba. Ƙofar da ya haɗa ba ta ƙara, shi yake yi a madadinta. Da hannun damansa da wannan murya ya gina ɗaki uku da rumfa, ya aurar da ƙannensa, ya sa yara makaranta.

Da furfura ta cinye gemu, ciwon ƙeya ya kai shi asibiti. Nas ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa, ta kira likita. Hawan jini ne. Likita ya yi bayani dalla-dalla: ƙwaya kullum, ko yana jin ciwo ko ba ya ji, a rage gishiri, a riƙa taka ƙasa, a riƙa zuwa awo. Suna bakin ƙofa ya ƙara da cewa a rage masa tashin hankali. Babban ɗansa, wanda ya raka shi, wannan ta bakin ƙofar kaɗai ya ɗauko zuwa gida. Sauran ya bar wa likita kayansa.

Aka ajiye wa Tsawa kujera a rumfa, kujerar da shi ya haɗa, aka hana shi zuwa shago saboda masu kawo aiki ɓata rai gare su. Ɗan ya karɓi makulli. In Tsawa ya tambayi labarin shago, lafiya lau. In ya tambaya ko katako ya yi tsada, lafiya lau. Gishiri kuwa yana nan a miya yadda aka saba, don a cewar matarsa mutumin da aka hana komai ba a hana shi ɗanɗano, kuma abinci lami ai shi ma ɓata rai yake yi.

Da farko ya yi faɗa. Sai kowa ya sunkuyar da kai yana ba shi haƙuri cikin raɗa, har jikoki. Faɗa da wanda ba ya ramawa buga ƙusa ne a auduga, don haka ya gaji ya yi shiru. Shirun nan shi suka ɗauka sauƙi. A gidan da kunne ake auna jini, in murya ta hau ya hau, in ta sauka ya sauka, kuma ga shi ta sauka har ƙasa. Matar ta riƙa gaya wa masu zuwa gaisuwa cewa maigida ya warke, ko tari ba ka ji. Da ƙwayar ta ƙare ba wanda ya sayo wata, wa yake ba mai lafiya magani? Zuwa awo ma aka fasa, layin asibiti yana da tsawo, zai iya harzuƙa shi. Shi ma bai tambaya ba. Ƙeyar ta daina ciwo, kuma ya riga ya san amsar da ake ba shi a gidan.

Haka aka yi ta lallaɓa shi, cikin ƙauna da ladabi, har safiyar da kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace.

A asibiti nas ɗin nan ce dai. Ɗan ya tare ta tun kafin ta tambaya.

"Wallahi ba wanda ya ɓata masa rai. Ko ƙuda ba ma bari ya sauka kansa."

"Yaushe rabonsa da magani?"

Ya kalli uwarsa, uwar ta kalli silin.

"Malam, ciwon nan ba shi da murya," in ji nas. "Mutum yana murmushi yake cinye shi. Da kun bar shi ya zage ku kun ba shi ƙwayarsa, da yanzu yana shago."

Bakin ya dawo daidai, ƙafar ta dawo da ɗan ja. Hannun dama bai dawo ba. Ranar da aka sallame shi, maganarsa ta farko a gida makulli ya nema, kuma ya neme shi da muryar da sai da maƙwabta suka leƙo. Yanzu ƙwayar a aljihunsa take kwana, ba ya ba kowa ajiya. Da ƙafa yake zuwa awo, da ƙafa yake zuwa shago. Matar tana dafa masa tasa tukunyar daban, mai ƙarancin gishiri, tana mita.

A shago ya tarar ɗan yana goge katako yana saɓa wa jijiyar itacen, wato layin da ke bin tsawonsa. Duk rayuwarsa in ya ga haka fizge magogin yake yi, ya nuna sau ɗaya, a wuce wurin. Ya matsa, kafaɗar ta motsa, hannun yana rataye. Ya juya ga ɗan.

"Juya katakon, ɗan gidan lafiya lau," ya ce. "Juya shi. Da baki zan koya maka, tunda shi kuka bar mini."