Rumman ɗin Baba

Ina buɗe ƙofa sai ga ɗan hayarmu da makulli da kwali cike da rumman!

A shekarun alif ɗari tara da saba'in ne. Muna Jidda, gidan hutun da Baba ya bar mana kuwa yana Ɗa'ifa, ina ba masu gudun zafi haya.

Ya ce, "Na bishiyarku ne, Hajiya."

Na ce, "Haba! Ai ta bushe tun rasuwar Baba."

Ya ce, "Maƙwabcinku ya kafa doka, duk wanda ya sauka, a gindinta zai yi alwala. Halas, shi ke nan!"

Wallahi guɗa na rangaɗa! Ko takalmi ban sa ba na bi unguwarmu ta Bani Malik ina rabon rumman, ina dariya ina hawaye.

Baƙi suka rayar mini da dashen Baba. Ku fa, wa ya taɓa yi muku haka?