Zanen da na yi wa Baffa a ƙasa

Jiya ina kwashe tsofaffin takardu, littafin lissafina na jami'a ya faɗo, 'yan ƙwayoyin gero suka zubo daga cikinsa. Sai na tuna Baffa, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni.

Baffa ba ya sayar da geron bara sai na bana ya shiga rumbu. Yakan cusa hannu cikin dami, ya shinshina, ya ce, "Wannan na ranar da ba a sani ba ne."

Shekarar da hatsi ya yi tsada, na zo hutu ƙauyenmu kusa da Makoɗa, kaina cike da karatun tattalin arziki. Na tsuguna a gindin rumbu, na zana masa layi biyu da tsinke, na hawa da saukar farashi.

"Baffa, farashi ya kai ƙarshe. Ku sayar yanzu, da kaka ku sayi ninkinsa."

Ya daɗe yana kallon zanen. "Haka malamanku suka ce?"

"Haka lissafi ya nuna."

"To, kai ka yi karatu."

Aka sussuke geron, aka kai kasuwa. Na bana yana fitar da kai, ruwa ya ɗauke.

Da na sake zuwa hutu, gidan warin dafaffiyar dusa yake yi, rigar Baffa ta yi masa yawa. Na kasa haɗa ido da shi. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne, "Ka ci jarrabawar?"

Na ci.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya ciyar da shi daga abin da ba ya ƙarewa. Ni kuma Ya yafe mini layukan nan biyu.