Mari a Ƙafar Tela

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, ina haya a Fagge, a ɗakin da ke jikin zauren gidan wata Alhaja. Iyayenta daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma a Kano aka haife ta, kuma in tana ciniki ba ka bambanta ta da matan cikin birni. Babban ɗanta yana sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, shi ke riƙe da gidan. Ƙaramin kuwa yana ɗakin ƙurya, wanda tagarsa ke kallon lungun da nake bi in zan tafi gidan rediyon da nake aiki. Tela ake ce masa, don ɗinki yake yi kafin ciwo ya same shi. An gaya mini yana da taɓin hankali, ba ya fita.

Ta wannan taga muka saba. Fuskarsa da kafaɗunsa kaɗai nake gani. Yana da 'yar rediyo, kuma ba ya barin labarai su wuce shi.

"Malam, jiya na ji ka," in ji shi wata safiya. "Ka ce za a gyara famfunan Fagge. Kai ma ka yarda, ko karantawa kawai aka ce ka yi?"

"Karantawa aka ce in yi."

"Na sani. Muryarka ta nuna. Wannan wandon kuma wa ya ɗinka maka? Ko wane ne, ba ya ƙaunarka."

Akwai ranakun da ba ya amsa gaisuwa, sai in ji yana gardama da mutanen da ba na gani. Ranakun ba su da yawa.

Da damina ta yi nisa sai amai da gudawa ya ɓarke a gari. Kwatoci sun cika sun haɗu da rijiyoyi. A wurin aiki kullum muna karanta sanarwa ɗaya: a tafasa ruwa, a wanke hannu, a ba marar lafiya ruwan gishiri da sukari, a gaggauta kai shi asibiti. Masu tasi suka daina ɗaukar duk wanda suka ga an riƙo shi.

Wata safiya na wuce ban ga fuska a tagar ba. Ban kai bakin titi ba na ji Alhaja tana kirana, ta fito ko mayafi babu.

"Malam, zo ka duba mini ɗan'uwanka. Tun asuba yake zubar da ruwa. Wansa ya tafi Legas ɗauko kaya."

Wayar hannu ba ta yawaita ba a lokacin. Wanda ya tafi Legas sai ya dawo.

Ban taɓa shiga ɗakin ba sai ran nan. Tela yana kwance a tabarma, idanunsa sun faɗa, leɓunansa sun bushe. Na sunkuya zan ɗaga shi sai na ji ƙarar ƙarfe. Na yaye zanen da aka lulluɓe shi da shi. Mari ne a ƙafafunsa biyu, baƙin ƙarfe irin na maƙera, an haɗa shi da sarƙa, sarƙar kuma ta tafi ga wani zoben ƙarfe da aka binne cikin simintin ɗakin. Tsawonta ya isa taga, ya isa bokitin da ke kusurwa. Bai isa ƙofa ba.

Na tsaya ina kallo. Duk hirar da muka yi, duk tsiyar da ya yi wa wandona, ashe a ƙarshen wannan sarƙa yake tsaye.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun da muka dawo da shi daga wajen malamin da ya yi masa magani. Ba ka ga yadda yake ba a da. A shataletalen Bata ya shiga gaban babbar mota, da idona na gani."

Na je na kira mai walda da ke bakin lungunmu. Ya zo da guduma da zarton ƙarfe, ya duba marin, ya ce yanzun nan zai yanke. Alhaja ta shiga tsakaninsa da ɗanta.

"A'a, ɗana. Malamin ya ce hannun da ya sa shi ne zai cire. In aka yanke, ciwon zai dawo ya fi na da."

"To ina malamin?"

Ta faɗi sunan wani gari mai nisa, tafiyar yini. Muka yi ta roƙo, ta ƙi. Daga ƙarshe mai walda ya ce to a bar marin, a fasa siminti a ciro zoben. Wannan ta yarda da shi, tunda ba a taɓa aikin malam ba. Muka sa Tela a bayan a-kori-kurar wani maƙwabci, na tattara sarƙar na ɗora masa a cinya, da guntun siminti manne a zoben. Mai walda ya riƙe zartonsa ya hau tare da mu.

An buɗe wa masu cutar sansani a harabar wani asibiti. Ma'aikacin da ke karɓar mutane a bakin rumfa ya dubi sarƙar kafin ya dubi fuskar mai ita.

"Nan ba wurin irinsu ba ne. Ku kai shi asibitin masu taɓin hankali."

"Can za su karɓi mai amai da gudawa?" na tambaye shi.

"Ba za su karɓa ba."

"To ina za mu kai shi?"

"Malam, akwai mata da yara a ciki. In ya tashi ya fara duka, kai za ka tare?"

Mutumin da ake tsoron ya yi duka ko kansa ba ya iya ɗagawa. Wata dattijuwar nas ce ta ce a shigo da shi, amma ba cikin rumfa ba. Aka shimfiɗa masa leda a ƙarshen baranda, nesa da sauran.

Likitan da ya zo matashi ne, da gani ya gaji. Ya nemi jijiya a hannun dama don ƙarin ruwa, bai samu ba. Ya nema a hagu, ya nema a bayan hannu. Duk sun lafe. Ya ce saura wadda ke kusa da idon sawu, in an ɗan tsaga fata ana samunta ko jiki ya bushe. Ya yaye zanen. Marin yana zaune daidai wurin, fatar da ke ƙarƙashinsa ta yi kanta.

"Sai an cire wannan," ya ce.

Alhaja ta fara kuka tana maimaita abin da malamin ya faɗa. A nan Tela ya buɗe ido. Muryarsa ta dushe, amma kowa ya ji.

"Likita, a yanke."

Likitan bai dube shi ba. Sai ya dubi Alhaja.

"Mama, ke ce za ki ba da izini."

"Ai ga shi ya ce a yanke," na ce.

"Maganarsa ba ta zama izini, Malam. Gobe danginsa su zo su ce mun jawo masa wani abu."

"Tambaye shi ka ji. Ya san inda yake, ya san abin da ke damunsa."

"Ƙafata ce, likita," in ji Tela. "Mama, ƙafata ce."

Aikina ne in saurari magana in gane ko mai ita ya san abin da yake faɗa, kuma ban ji maganar da ta fi wannan tsabta ba a yinin nan. Mutum baligi, cikin hayyacinsa, yana roƙon a ceci ransa, mu kuma muna tsaye a kansa ana shawarar wa za a tambaya.

Likitan ya ce a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari da cokali, ya wuce wajen wasu, don suna da yawa. Alhaja tana ba shi yana amayarwa. Ta ce a jira wansa, ƙila gobe ya iso. Nas ɗin ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Hajiya, ba zai kai gobe ba." Ta ce to a bari ta yi salla ta roƙi zaɓin Allah. Ba mugunta ke cikin ranta ba. Tsoron babbar motar nan ne bai sake ta ba.

Sai wajen La'asar ta ce a yanke. Mai walda ya cusa tsumma tsakanin ƙarfen da fata, ya fara. Dole ya bi a hankali, don ƙarfen ya kwanta a jikin ƙashi. Ni na riƙe ƙafar, sanyi ƙalau kamar randa. Ya kusa cinye rabin kaurin ƙarfen sai nas ɗin ta dafa kafaɗarsa. Ta taɓa wuyan Tela, ta jima, sannan ta ja zanen ta rufe masa fuska.

Mai walda ya dube ni, zarto a hannu.

"Malam, in ci gaba?"

Na saki ƙafar, na ja zanen na rufe ta.

Da aka mayar da shi gida aka zo yi masa wanka, dattawan unguwa suka ce ba a sa mutum a kabari da ƙarfe a jikinsa. Mai walda ya ƙarasa aikinsa a zaure, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, da sauri wannan karon, tunda babu sauran fargabar ya ji wa kowa ciwo. Alhaja tana tsakar gida cikin mata, tana jin ƙarar zarton. Ba ta aiko a hana ba.