Ban da Jinadasa

Mahaifiyata Somalatha ta shekara talatin tana tuyar wainar shinkafa a bakin tashar motar ƙauyenmu, kusa da garin Kurunegala. Duk ranar cikar wata takan rufe tanda, ta sa fararen kaya, ta tafi haikali. Can za ta naɗe ƙafa ta rufe ido, ta bi malamin haikali yana jan zuzzurfan tunanin fatan alheri: ka fara da kanka, sai masoyinka, sai maƙiyinka, sai dukan mai rai.

"Dukan mai rai ya zauna lafiya," in ji jama'a.

"Ban da Jinadasa," in ji Inna, ƙasa-ƙasa.

Jinadasa ƙanenta ne. Shi ya sare bishiyar kwakwar da kakarmu ta dasa ranar haihuwar Inna, wai tana zubar masa da ganye a rufi. Ko sallama bai yi ba. Ni ma har yau in na tuna kututturen nan sai raina ya ɓaci, don haka ban taɓa ganin laifinta ba.

Malamin ya taɓa ce mata, "Baiwar nan, fatan alheri ba ya da ban da."

"Ranka ya daɗe, na yi wa sauro, na yi wa macijin da ya kashe mini kaza. Shi kam a bar ni."

Shekara goma sha tara ana haka, sai Kawu Jinadasa ya mutu, ba mata ba ɗa. A wurinmu dangin mamaci ne ke tsiyaya ruwa daga buta zuwa ƙoƙo har ya tumbatsa, ladan ya isa gare shi. In Inna ta ƙi, haka zai tafi hannu rabbana. Matan unguwa, munafukai, suka cika gidan makokin don kallo kawai.

Ta zo a makare, fuska a murtuke, ta fizgi butar.

"Kama mini, Nilmini," ta ce da ni. Na kama mata.

Ruwan ya fara zuba. "Dukan mai rai ya zauna lafiya," ta ce. Kowa ya kasa kunne.

"Har da kai, ɗan banza. Ka tafi ba ka ba ni haƙuri ba."

Ƙoƙon ya cika ya tumbatsa, malamin ya gama karatu, amma ba ta daina tsiyayawa ba sai da butar ta ƙare ƙaf.