Wa Ya Haƙa Rijiyarmu?

A zamanin ƙuruciyarmu, in kana son sanin abin da ya wuce, tabarmar tsohuwa kake nema. Yanzu kuwa yaro ne zai zo maka da biro da takarda, ya tambaye ka inda ka samo maganarka. Ban ga laifin tambayar ba, don kakata Inna Tumba ta riga malaman boko yin ta.

A wani ƙauye muke, gabas da Tsafe. Lokacin sanyi, bayan sallar isha'i, takan tura kara a wuta, mu kewaye ta muna gasa rogo. In tatsuniyar kura ce ko ta dila, ba ruwanta da shaida. Amma in labarin gaske ne, sai ta fara da wanda ya faɗa mata.

"Wanga daga bakin ubana na ji shi," in ji ta. "Wancan kuwa Jumma mai nono ta ba ni. Kada ku yar da ko guda."

Haka take ba mu labarin rijiyar garinmu. A faɗar ubanta, wani manomi ne ya yi ta haƙa a shekarar fari, hannunsa duk kanta, har ya cim ma ruwa. A faɗar Jumma, saniyar wani makiyayi ce ta tsaya gindin ɓaure tana tonon ƙasa da kofato, ta ƙi tafiya. Makiyayin ya ga danshi, ya kira manomin don shi ke da dagi. Sai suka yi alkawari: safiya ta mata masu ɗiban ruwa, yamma ta shanu.

Na taɓa ce mata, "To Inna, wa ya haƙa?"

"Kai angona, rowa gare ka! Rijiya guda ba ta isa mutum biyu ba?"

Daga baya fatauci ya kai ni Kumasi da Agadas da Kartum. Ko'ina akwai tsohuwar rijiya da labarinta, na ji da Larabci, na ji da Fillanci. Abin da na lura shi ne, duk inda labarin ya koma na mutum ɗaya, to an kusa zare wuƙa.

Bayan an ba mu jihar Zamfara na dawo Gusau da zama. Jikata Balkisu tana aji uku na ƙaramar sakandare. Malaminsu ya ce kowa ya rubuta tarihin garinsu, ya nemo majiya fiye da ɗaya, ya kuma faɗi matsayarsa a jimla guda tun daga farko.

"Tsoho, kai kaɗai ba ka isa majiya ba," in ji ta. "Malam ya ce ban da 'kakana ya ce'."

"To amarya, tunda kin raina mijinki, ɗauko mayafinki."

Muka shiga mota zuwa Tsafe, daga nan kabu-kabu zuwa ƙauye. Ƙanena Malam Sani ya tara mana dattawa a zaurensa. Suka ba ta labarin manomi tiryan-tiryan, ba saniya ba alkawari, tana rubutawa. Da suka gama ta ɗaga kai.

"Baba, saniyar fa?"

Malam Sani ya ja ni waje.

"Wace saniya kuma? Yaya, kada ka bari yarinya ta rubuta abin da za a karanta muna gaban alƙali."

Ashe a daminar nan an nome burtalin da shanu ke bi zuwa rijiyar, har an yi cacar baki. Jikokin Jumma kuwa sun kwashe sun koma wajen Bungudu.

Can muka same su. Wani dattijo ya yi mana shimfiɗa a ruga, yana magana da Fillanci ina fassara mata. Saniya ta fito sosai a bakinsa, har da launinta. Amma manomin ya zama ɗan ƙodago da aka sallama da maraƙi. Alkawarin safiya da yamma kuwa, shi ma bai ambata ba.

A mota, mun kusa Gusau, Balkisu ta ce, "Tsoho, in na sa saniya, Baba Sani zai yi fushi da kai. In na cire ta, na yi ƙarya."

Na ce mata ba ni zan riƙe biron ba.

Ga abin da ta sa a farkon takardarta: mutum biyu suka samar da rijiyar, kuma kowane ɓangare ya yar da rabin labarin da bai yi masa daɗi ba. Ta kawo abin da kowa ya faɗa, da inda ya faɗe shi, ta sa na Inna Tumba a ƙarshe. Malam ya sa ta karanta a aji. A ajin akwai wani ɗan garinmu, kafin Juma'a magana ta isa ƙauye.

Na daɗe ina ɗauka Inna Tumba ba ta san amsar tambayata ba ne. Sai a wannan tafiya na gane cewa gadin alkawarin take yi, don muddin yara sun san rabin kowa, da wuya su tashi su hana wani ruwa. Balkisu ta yi gaskiya, amma gaskiyar ta zo a makare, kuma ni na biya.

Tun daga shekarar nan Malam Sani bai sake taka gidana ba, shanu kuma ba su sake shan ruwa a rijiyarmu ba.