Mai Jiran Kashin Doki

A bayan asibitin dabbobi, wani dogon dattijo yana kai da kawowa da baƙin doki. Taku arba'in zuwa katanga, taku arba'in dawowa. Daga kan benci na ƙirga. An aske cikin dokin an naɗe da farin bandeji, bakinsa kuma da takunkumi. Shekaranjiya hanjinsa ya murɗe, aka yi masa tiyata. A zamaninmu, irin wannan ciwo sai dai a fara haƙa rami.

Dattijon ya kasa natsuwa. Ya gyara hula, ya sassauta ragama, ya kara kunne a kwiɓin dokin, ya leƙa ƙarƙashin wutsiya. Tafin hannunsa duk kanta. Ina jin dokin ba nasa ba ne, amma shi ya raine shi. Ga burodi yana leƙowa daga aljihunsa, ko gutsura bai yi ba.

"Baba, ka ci wani abu mana," in ji likita, tana wucewa.

"Yana kallona da takunkumi, 'yata? Ai sai ya maƙale mini a wuya."

"To, ba za a cire masa takunkumin ba sai ya yi kashi. In hanjin bai motsa yau ba, dole mu sake buɗe shi."

A zagaye na tara dokin ya tsaya cak, ya ɗaga wutsiya. Curi uku kacal. Dattijon ya durƙusa, ya ɗauki ɗaya, ya murtsuke, ya shinshina.

"Likita! Zo ki gani tun da ɗuminsa! A kwance masa bakin nan, yunwa muke ji!"