Ranar da Ya'u Ya Diro daga Kan Kwano

Ya'u ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 a wancan lokacin, ƙato, kwandon tumatir ba ya ko sa shi nishi. Amma abu ɗaya yake tsoro a duniya, rufin ɗaki. Yana yaro soron ƙasa ya rufta wa yayansa da damina a ƙauyensu, shi ya sa ko masallaci ya shiga sai ya ɗaga kai.

Da ya samu ɗakin haya a Agege, ya rantse ba mai tarewa sai ya taka rufin da ƙafarsa. Matarsa Mastura ta shiga duba kicin da matar mai gidan, 'yarsu Nazifa, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana riƙe da zanenta. Gogan naka kuwa ya ari tsani ya haye, yana laluben ƙusoshi kamar shi ya buga su.

Daga can sama ya hango bayan gida. An shimfiɗa tsofaffin fallayen kwano a ƙasa, duk tsatsa, koren ruwa na ƙyalli ta tsakaninsu. Ashe tafkin siminti ne na kiwon tarwaɗa, mai zurfi, wani marar tunani ya rufe ya manta. Ga Nazifa ta saki uwarta ta zagayo, ta ɗora ƙafa a kai, tana jin daɗin ƙarar.

Ya buɗe baki zai kira ta, ya fasa, don in ta ji muryarsa wajensa za ta nufo, ta tsakiyar ramin. Tsanin kuma yana can gaban gida. Wallahi bai taɓa jin tsoro irin wannan ba. Kwanon da take kai ya fara lotsawa.

Bai san sanda ya diro ba. Ya ji ƙashin ƙafarsa ya ce ƙas, ya ja ciki ya cafko bayan rigarta, fallen ya nutse da takalminta ɗaya.

Dako ya ƙare daga ranar. Ɗorin bai kamu daidai ba, sai ya koma zaman sayar da albasa. Nazifa ba ta tuna komai. Yanzu ta shiga makaranta, ga tsokanar tsiya, in tana son ba ƙawayenta dariya sai ta kwaikwayi ɗingishin babanta. Ran nan Mastura ta ɗaga hannu za ta make ta, Ya'u ya riƙe hannun.

"Ƙyale ta," ya ce. "Ni dai in ga tana tafiya."